Zauren Tambaya da Amsa: Shin Alƙalami Yana da Namiji da Mace?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma ko da yake daga garuruwa daban-daban suka zo, dukansu a kan abu guda suke, wato yadda kasancewar marubuci namiji ko mace ke shafar ƙagaggen labarin da ya rubuta. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba mai nazarin Hausa a Zariya: Assalamu alaikum, Malam. Gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokin karatuna. Ya ce idan aka yage bangon littafi aka miƙa masa, shafi biyu sun ishe shi ya gane ko namiji ne ya rubuta ko mace, domin a cewarsa mata ba su san komai ba sai kuka da kishi da lissafin kayan lefe, maza kuwa su ne masu zurfin tunani. Ni kuma na ce labari labari ne, alƙalami ba ruwansa da jinsi. Wane ne mai gaskiya a cikinmu?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Abokin karatunki zai iya canka daidai sau da dama, amma ba don dalilin da ya bayar ba, ke kuma kin yi saurin wanke alƙalami daga zargi. Akwai waɗanda suka riga shi yin wannan iƙirari, kuma yana da kyau ya ji yadda suka ƙare. A farkon shekarar 1858 mashahurin marubucin Ingila Charles Dickens ya karanta wasu labarai da suka fito da sunan George Eliot, ya aika wa mai su wasiƙar yabo, ya kuma ce shi dai zuciyarsa ta ba shi cewa mace ce ta rubuta su. Haka kuwa abin yake, Mary Ann Evans ce ta fake a bayan sunan. Bayan fiye da shekara ɗari, a 1975, wani sanannen marubucin Amurka mai suna Robert Silverberg ya rubuta gabatarwa ga tarin labaran James Tiptree Jr., inda ya yi fatali da raɗe-raɗin da ake yi cewa Tiptree mace ce, ya ce mazantakar da ke cikin rubutun a bayyane take. Ba a rufa shekara biyu ba asiri ya tonu, domin Tiptree ya ambata a wasiƙa cewa mahaifiyarsa ta rasu a Shikago, masu bin diddigi suka binciki sanarwar rasuwa a jarida, sai ga shi Alice Sheldon ce, dattijuwa mai shekara 61.

Abin da ya ruɗi Silverberg shi ne amsar tambayarki. Sheldon ta yi aikin soja a lokacin yaƙin duniya na biyu, ta yi aiki a hukumar leƙen asirin Amurka, kuma tun tana yarinya ta ratsa dazuzzukan tsakiyar Afirka tare da iyayenta. Da ya ga marubucin ya san bariki da bindiga da jirgin sama ciki da waje, sai ya yanke cewa namiji ne, tun da a saninsa maza ne ke zuwa waɗannan wurare. Ashe abin da mai karatu ke shinshinowa a shafi shi ne inda ƙafar marubuci ta taka da abin da kunnensa ya jiyo, jinsi kuwa shi ne mai gadin da ke buɗe wa mutum wata ƙofa ya rufe masa wata.

A ƙasar Hausa wannan ƙofa ba ta buƙatar dogon bayani, domin kowa ya san zaure. Baƙo namiji iyakarsa nan, wani gidan ma har a bango ake rubuta masa cewa ba a shiga. Yaro da ya fara tasawa sai ya bar ɗakin uwarsa ya koma shago, daga nan duniyarsa ta zama masallaci da kasuwa da tasha da majalisa da teburin mai shayi. Yarinya kuwa tana girma ne a tsakar gida da madafa, a gaban mai kitso, a gidan suna da gidan biki, inda ake faɗin abubuwan da da zarar an ji gyaran muryar maigida sai a sauya zance. Kowannensu ya tashi da rabin gari a kansa, kuma idan ya ɗauki alƙalami da wannan rabin zai fara.

Duba littattafai biyar da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Maza ne suka rubuta su duka, kuma kusan kowanne a kan hanya yake: yawon neman magani, fagen yaƙi, ayarin hamada, sata da damfara a garuruwa. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen littafin Hausa na farko da mace ta wallafa. Kada abokinki ya ɗauki wannan tazara ta shekara 47 a matsayin hujjar cewa mata ba su da basira, domin da ma can su ne masu tatsuniya, a bakin kaka da gwaggo kowane ɗan Bahaushe ya fara jin Gizo da Ƙoƙi da 'yar bora da 'yar mowa, kuma Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta bar waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Boko ne ya makara wajen isa ga 'ya'ya mata, maɗaba'a kuma a hannun 'yan boko take.

Inda bambancin ya fi fitowa sarai shi ne idan aka ajiye littattafai biyu masu tushe ɗaya kusa da juna. A Jiki Magayi, attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da ƙarfin dukiya. Daga wannan lokaci labarin ya bi Abubakar cikin daji yana neman asirin da zai rama da shi, Zainab kuwa ta shiga gidan Malam Shehu, mu kuma kusan a zaure aka bar mu, ba mu san yadda ta kwana ta tashi ba. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, an cire yarinya Abu daga makaranta an aurar da ita ga dattijo, amma a nan labarin ya ɗaga labule ya shiga ɗakin tare da ita, ya zauna da ita cikin tsoronta, ya kuma bi ta lokacin da ta gudu ta nemi ilimi. Marubuciyar da kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatu a ajin manya, saboda haka ba daga zaure ta leƙo wannan ɗaki ba. Duka littattafan biyu sun yi tir da auren da aka gina a kan kuɗi da iko, sai dai kowanne ya bi wanda marubucinsa ya san yadda ciwon ke ci masa.

Game da lissafin lefe da abokin naki ke yi wa dariya, ina ganin a nan ne ya fi yin kuskure. Idan marubuciya ta tsaya tana ƙirga akwati da turamen atamfa, ko tana bayanin jere da gara da wanda ya kawo me ranar suna, tattalin arzikin gida take rubutawa, domin a cikin waɗannan kaya ake auna darajar yarinya a gidan miji, a kansu uwa ke shiga adashi shekara da shekaru, a kansu kuma ake cin bashi. A Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990 aka kuma buga fassararsa ta Turanci a Indiya a 2012, Rabi tana da 'ya'ya tara, mijinta ɗan kasuwa ne mai hali amma abin da yake bayarwa na cefane ba ya kaiwa ko'ina, bayan ya sake ta kuma da sayar da abinci ta riƙe yaran. Wanda ya karanta yadda take jujjuya 'yan kuɗin cefane ya ce babu zurfin tunani a wurin, to bai taɓa ciyar da mutum goma da kuɗin mutum uku ba.

Sai dai kada ki tafi da tunanin cewa katangar ba ta tsallakuwa. Tafawa Ɓalewa namiji ne, amma abin da ya fi tsaya wa mutane a rai cikin Shaihu Umar shi ne uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙetaren hamada, ta faɗa cikin bauta, ba ta sake ganinsa ba sai dab da ajalinta. Ado Ahmad Gidan Dabino namiji ne, amma Sumayya ta In Da So Da Ƙauna, wadda ta gwammace rijiya da auren dole, 'yan mata ne suka fi kowa riƙe ta. A ɗaya ɓangaren kuma, ba kowace marubuciya ce ke iya namiji ba. Na karanta littattafai da yawa waɗanda tauraronsu kyakkyawa ne, likita ko matuƙin jirgi, ba ya zuwa majalisa, ba ya jin zafin kuɗin haya, ba shi da wani aiki sai tunanin tauraruwa da sauya motoci. Wannan ma hoton wanda aka hango daga nesa ne, kamar dai yadda wasu maza ke zana mace a matsayin kyauta da jarumi zai karɓa a shafin ƙarshe.

In kuna son gwaji na gaskiya, Hausa ta ba ku hanya. A harshenmu “kai” da “ke” sun rabu, “ya” da “ta” sun rabu, amma “na” da “ni” ba su da namiji ba su da mace. Ki samo shafi biyu da aka rubuta da bakin mai ba da labari, inda babu wanda ya kira shi da kai ko ke, a kan abin da kowa ya sani, kamar zazzaɓi ko rasuwar uba, ki miƙa masa. Ina kyautata zaton zai daɗe yana juya takardar.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Malam, ina rubuta labarin wata uwargida da aka yi wa kishiya bayan shekara goma sha biyar da aure. Na ba maiɗakina babin daren kai amarya ta duba, inda na sa uwargidan ta kulle kanta a ɗaki tana kuka har asuba. Sai ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, “Malam, wa zai bar ta ta kulle ɗaki a ranar?” Tun daga nan gwiwata ta yi sanyi. Shin namiji ya haƙura da rubuta zuciyar mace ne?

AMSA: Malam, kada ka haƙura, kuma ka gode wa Allah da ya ba ka mai gyara a cikin gida, wadda ba ta karɓar ko sisi. Tambayar da ta yi maka ta fi duk abin da zan faɗa amfani, domin ta nuna maka cewa kai baƙin cikin ka rubuta, ka manta da ranar. A wannan rana ɗakin uwargida cike yake da 'yan'uwanta da ƙawayenta da suka zo taya ta zama. Ta sha lalle, ta ɗaura mafi tsadar zanenta, watakila ma daga cikin kayan faɗar kishiya da aka kawo mata, domin kada a fita da labarin cewa kishi ya kayar da ita. Kowace mai shigowa sai ta ce mata a yi haƙuri, ita kuma dole ta amsa da fara'a cewa ai ba komai, abokiyar zama ce. Tana sa ido a kan tukwane, tana aika yara da kwanukan abinci, tana jin guɗa daga ɗaya sashen, kuma idan aka kawo mata amarya aka ce ga amana, ita ce za ta ce Allah ya ba mu zaman lafiya a gaban jama'a. A cikin zuciyarta kuwa lissafi take yi, kwana bakwai in budurwa ce, uku in bazawara ce, kafin a fara rabon girki, da kuma wanda zai riƙe makullin sito daga yanzu. Kukan yana nan, amma watakila sai a bayan gida zai samu fili, na minti biyu, ta wanke fuska ta gyara kwalli ta fito. Ka ga wannan ya fi kukan har asuba ciwo.

Marubuciyar Senegal Mariama Bâ ta kama wannan a littafinta Une si longue lettre na 1979, wanda ya ci kyautar littattafan Afirka mai suna Noma a 1980. Liman da wan miji da aminin miji ne suka zo suka shaida wa Ramatoulaye, mai 'ya'ya goma sha biyu, cewa an ɗaura wa mijinta aure a ranar, kuma amaryar ƙawar 'yarta ce. Ba ta faɗi ta suma ba, murmushi ta yi, ta gode musu, ta ba da saƙon gaisuwa, ta raka su, mai karatu kuwa yana jin abin da ke tafasa a ƙarƙashin wannan ladabi. Cewa namiji ma zai iya, Abubakar Adam Ibrahim ya nuna a Season of Crimson Blossoms, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na Nijeriya, NLNG, a 2016, inda ya ɗora labarin a kan Hajiya Binta, mai shekara 55 da mijinta ya rasu, ya kuma bi ta har cikin abin da ke tsakaninta da ɗanta na fari wanda kunya ta hana ta kiran sunansa.

Abin da ya rage maka aikin kunne ne. Maganar mata a tsakar gida tana da nata salo, habaici da gugar zana da karin maganar da ake jefawa sama don wadda aka nufa ta cafe, irin su “ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu”, kuma abin koyo ne, shaida kuwa ita ce 'yan daudu, waɗanda suka naƙalce shi ta hanyar zama cikin mata har wani lokaci su fi su iya shi. Ba cewa na yi ka laɓe a bayan labule ba. Ka tambayi yayarka da gwaggonka da maiɗakin naka, kuma kada ka ce musu yaya mace take ji, domin amsar da za ka samu ita ce sai haƙuri. Ka tambaye su wa ya dafa abincin ranar, wa ya fara shigowa, me aka ce, me ta sa a jikinta, ƙarfe nawa baƙi suka watse. Idan ka sake rubuta babin ka mayar mata, in ta yi shiru ba ta yi dariya ba, ka wuce babi na gaba.

TAMBAYA, daga wata matar aure a zangon Kumasi: Malam, ina rubutu a waya ina turawa a zaurukan WhatsApp da laƙabi. Na rubuta labarin wata da aka saka saki uku, sai ƙanwar maigidana ta gano ni ce, ta kai ƙara cewa ina tona asirin gidanmu, alhali ko kusa ba labarina ba ne. Yanzu ina son buga littafi. In sa sunana, ko in ari sunan namiji in huta?

AMSA: 'Yar'uwa, abin da ya same ki yana daga cikin hanyoyin da jinsi ke shiga rubutu tun kafin a ɗora alƙalami a takarda. Namiji zai rubuta labarin ɗan fashi babu mai tambayarsa inda ya ɓoye bindiga, amma mace ta rubuta saki ko kishi ko soyayya sai a ce da kanta take. Sanin haka yana sa marubuciya ta riƙa tauna kowace jimla da tunanin suruka da dangin miji, ta sassauta inda ya kamata ta tsananta, ta kuma sa tauraruwarta ta tuba a babin ƙarshe ko da labarin bai kai ta can ba. Sa idon bai tsaya a cikin gida ba, domin a 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, a ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata tarbiyyar 'yan mata.

Aron suna tsohuwar dabara ce. Wasu 'yan'uwa mata uku 'yan gidan Brontë sun fito a Ingila da sunayen Currer da Ellis da Acton Bell domin kada a gane mata ne a raina rubutunsu. Wani hafsan sojan Aljeriya, Mohammed Moulessehoul, ya yi akasin haka, ya ɗauki sunan matarsa Yasmina Khadra domin ya kauce wa takunkumin soja, bai bayyana kansa ba sai a 2001 bayan ya ajiye kaki. A kasuwar littafin Hausa kuwa lissafin ya juye, domin mata ne mafi yawan masu saye da masu karatu, har an daɗe ana faɗa a tsakanin 'yan kasuwar cewa wasu maza na sa sunan mace a bango don littafi ya shiga. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ma ta mata ce zalla.

Saboda haka ban ga ribar da sunan namiji zai kawo miki ba. Masu karatunki suna yarda da ke ne domin sun ji muryar wadda ta san ɗakin, idan kuma suka ga sunan namiji a kan labarin saki uku za su karanta shi da wani ido daban. Ki riƙe laƙabin da aka riga aka san ki da shi in kina son sutura, wannan ba aibi ba ne. Ki nisanta labarin daga gidanku ta hanyar sauya gari da sana'a da yawan 'ya'ya, ki kuma ba maigidanki ya karanta kafin kowa, domin ƙara ba ta tasiri a wurin wanda ya riga ya san abin da ke cikin littafin. Sannan ki tabbata yarjejeniyar da za ki yi da mai buga littafin tana ɗauke da sunanki na gaskiya tare da laƙabin, ki kuma adana rubutunki na asali da kwanan watansa, domin labarin da ke yawo a waya da laƙabi kaɗai yana da sauƙin a wayi gari wani ya ce nasa ne.